JIMETA: TARIHIN GARIN DA KOGIN BINUWAI YA HAIFA DA MAKOMAR CINIKINSA

YOLA: A cikin biranen arewacin Nijeriya, kaɗan ne za a ce jirgin ruwa ne ya kafa su. Kano da Katsina da Zariya sun bunƙasa ne a kan hanyoyin fatake masu ayarin raƙuma da jakuna, Kaduna da Kafancan da Nguru kuwa jirgin ƙasa ne ya ɗaga su. Jimeta, wadda ita ce cibiyar kasuwancin Jihar Adamawa, tana cikin 'yan tsirarun garuruwa irin su Lakwaja da Ibi, waɗanda arzikinsu na farko ya shigo ta kan ruwa.

A yau mafi yawan kayan da ake sayarwa a kasuwannin garin a bayan mota suke zuwa, bayan tafiyar kwanaki daga Legas ko Fatakwal ko Anaca ko Kano, kuma kuɗin dakon nan yana cikin farashin kowane buhun siminti da na taki da ɗan Adamawa yake saye. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, maganar tsadar sufuri ta ƙara damun 'yan kasuwa, abin da ya sa ake yawan waiwayar kogin Binuwai ana tambaya ko zai iya komawa aikinsa na da. Amsar wannan tambaya tana buƙatar sanin yadda tashar jiragen ruwan ta kafu, da irin cinikin da aka yi a cikinta, da kuma dalilan da suka durƙusar da ita.

GARI BIYU, ASALI BIYU

Baƙo yakan ɗauka Yola da Jimeta gari ɗaya ne, domin gine-gine sun kusa haɗe su, amma asalinsu ya bambanta. Modibbo Adama, wanda ya karɓo tutar jihadi daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19, shi ne ya kafa Yola a shekarar 1841, bayan ya zauna a Gurin da Ribadu da Njoboliyo. Sunan garin ya samo asali ne daga kalmar Fulatanci "yolde", wato tudu. An zaɓi wurin ne saboda mulki da tsaro da kiwo: tudu ne mai fadama a gabansa, inda dawaki da shanu za su sami ciyawa, kuma ambaliya ba za ta cim ma gidaje ba.

Wannan fadama da ta amfani makiyaya ita ce ta raba Yola da babban kogin. Jirgi mai nauyi yana buƙatar gaɓa mai tudu wadda ruwa mai zurfi yake bi ta gindinta, kuma irin wannan gaɓa tana can wajen kilomita 9 arewa maso yamma da fadar Lamiɗo, a inda Jimeta take. Saboda haka tun daga farko aka sami rabon aiki tsakanin wuraren biyu: sarauta da malanta a Yola, sauke kaya da lodi a Jimeta.

Shi kansa kogin ya taso ne daga tsaunukan Adamawa da ke cikin ƙasar Kamaru, ya ratsa Garwa, ya karɓi ruwan Faro kafin ya iso Jimeta, ya karɓi na Gongola a Numan, sannan ya wuce ta Ibi da Makurɗi har ya haɗu da kogin Neja a Lakwaja. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 1,400. Tun kafin zuwan Turawa, Batawa da Jukunawa da sauran mazauna gaɓa suna kamun kifi da fito a cikinsa, fataken Hausa da na Barno kuma suna ƙetare shi zuwa Ngawundere da Tibati da Banyo neman hauren giwa da goro, a zamanin da cinikin bayi yake cikin manyan hanyoyin samun dukiya a ƙasar Fombina.

ZUWAN JIRAGEN TURAWA

Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya iso Yola ta ƙasa daga Kukawa a watan Yunin 1851, amma Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki. Labarin da ya aika Turai na girman kogin Binuwai shi ya sa Ingila ta turo jirgin ruwa mai suna Pleiad a 1854 a ƙarƙashin Likita William Baikie. Jirgin bai kai Yola ba, sai dai tafiyar ta tabbatar da abu biyu masu muhimmanci ga 'yan kasuwar Turai: jirgi mai inji zai iya shigowa daga teku ya hau Binuwai lokacin cikar ruwa, kuma shan kwinin yana kare ma'aikatansa daga zazzaɓin da ya hallaka na gabansu.

A cikin shekarun 1880 kamfanin George Goldie, wanda ya sami takardar izinin mulki daga gwamnatin Ingila a 1886 ya zama Royal Niger Company, ya fara ciniki a yankin Yola. Lamiɓen Adamawa sun yi taka-tsantsan da kamfanin ƙwarai. Shekaru da dama cinikinsa ya dogara ne a kan wani tsohon jirgi da aka girke a kan ruwa, wanda shi ne kanti, shi ne sito, shi ne kuma masaukin ma'aikata. Daga nan ake sayen hauren giwa da ƙaro da danƙo da riɗi da fatu, ana sayar da gishiri da yadi da tarkacen Turai.

Faransa da Jamus su ma sun sa ido a kan wannan hanya. Wani hafsan sojan ruwan Faransa, Louis Mizon, ya zo Yola a 1891 ya kuma dawo a 1893, yana neman ƙulla yarjejeniya da Lamiɗo Zubairu, har ya ba shi igwa biyu. Amma an riga an yanke shawara a Turai. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta bar wa Ingila birnin Yola da ɗan yankin da ke kewaye da shi, ta miƙa wa Jamus mafi yawan ƙasar masarautar. A 1901, bayan Lamiɗo Zubairu ya umarci kamfanin da ya tashi, sojojin Ingila a ƙarƙashin Kanar Morland suka hau kogin a cikin jiragen ruwa suka ci Yola a watan Satumba, daidai lokacin da ruwa ya cika. Lamiɗo Zubairu ya fice ya ci gaba da gwagwarmaya da Jamusawa a Garwa da Marwa har aka kashe shi a 1903, Turawa kuma suka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu.

Wannan iyaka ta 1893 tana da tasiri ga kasuwanci har gobe. Ta bar Yola a bakin iyaka, ta raba ta da garuruwan da suka saba kawo mata gaisuwa da kaya. Abin da ya rage yana haɗa ɓangarorin biyu shi ne kogin, domin yarjejeniyar Balin ta 1885 ta tanadi 'yancin zirga-zirgar jirage a kan Neja da rassansa. Ta haka kayan Garwa da na kudancin Cadi suka riƙa bi ta gaban Jimeta zuwa teku.

CINIKIN WATA UKU

Abin da ya fi komai tsara rayuwar garin shi ne gajartar lokacin ruwa. Manyan jirage suna iya isowa Jimeta ne daga wajen tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Oktoba, su ma waɗanda ba su nitsewa fiye da ƙafa huɗu ko makamancin haka. Da zarar damina ta ɗauke, ruwan yakan ja da baya da sauri, tudun yashi su bayyana a tsakiyar kogin, jirgin da ya yi jinkiri kuwa yakan maƙale har wata daminar.

Saboda haka cinikin shekara guda sai a cusa shi cikin wata uku. Gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga da aka saya da kaka da rani sukan yi watanni jibge a sito suna jiran ruwa. Gishiri da kananzir da siminti da kwanon rufi da atamfa da za a sayar a shekara mai zuwa dole a shigo da su gaba ɗaya a cikin waɗannan makonni. Jiragen suna tasowa ne daga Burutu da Warri, tafiyar fiye da kilomita 1,000, suna jan jiragen dako marasa inji, su sauke wani kaya a Makurɗi da Ibi da Lau da Numan, wasu kuma su zarce Garwa.

Irin wannan ciniki sai mai babban jari. Wanda zai sayi amfanin gona a watan Disamba, ya ajiye shi har Agusta, ya kai shi Ingila a ƙarshen shekara kafin kuɗinsa su dawo, lalle ne ya kasance yana da jirage da sito da banki a bayansa. Wannan ne ya sa kamfanoni ƙalilan suka mamaye harkar, musamman Niger Company, wanda Lever Brothers suka saya a 1920 ya kuma shiga cikin United Africa Company (UAC) a 1929, da kuma John Holt. 'Yan ƙasa sun shiga ne a matsayin masu sayen kaya a ƙauyuka da kuɗin kamfani, da dillalai, da masu karɓar haja bashi daga kanti su kai kasuwannin karkara, da akawuna, da 'yan dako. Ko bayan da aka kafa hukumomin sayen amfanin gona a ƙarshen shekarun 1940, waɗannan kamfanoni ne suka ci gaba da zama manyan wakilan saye da masu jigila.

HALIN GARIN

Garin da ya tashi a kan lodi da sauke kaya, garin baƙi ne. Turawan mulki sun ajiye ofisoshinsu da barikin soja da kantuna a ɓangaren Jimeta, aiki kuma ya jawo mutane daga ko'ina: Hausawa 'yan kasuwa da malamai da mahauta, Barebari, Nufawa da Jukunawa masu sanin ruwa, Yarabawa da Ibo akawuna da masu sana'ar hannu, da kuma 'ya'yan ƙabilun lardin kamar Bata da Bachama da Vere da Chamba da Kilba da Margi. Fulatanci ya ci gaba da riƙe matsayinsa a fada da cikin gidajen Yola, Hausa kuwa ta zama harshen kasuwa da tasha a Jimeta.

Sunayen mazaɓun ƙaramar hukumar Yola ta Arewa, wadda ita ce Jimeta, sun isa shaida. Akwai Alƙalawa da Gwadabawa da Limawa da Yalwa, sunayen da Bahaushe zai ji kamar yana ƙasar Sakkwato ko Zazzau, akwai kuma Luggere da Rumde da Doubeli da Nassarawo masu ƙamshin Fulatanci, ga Ajiya da Karewa da Jambutu. Dangantakar garin da fada ma ta yi ta sauyawa: an haɗe shi da Yola a ƙarƙashin En'e a 1935, sannan ya sami majalisar gari tasa a 1955.

Haɗuwar jama'a iri-iri ta ba garin halin da 'yan kasuwa suke so, wato karɓar baƙo da saurin ƙulla ciniki da wanda ba a san asalinsa ba. Ta kuma jawo masa jarrabawa. A watan Fabrairun 1984 rikicin mabiya Maitatsine ya ɓarke a Jimeta, inda ɗaruruwan mutane suka rasa rayukansu, babbar kasuwa ta ƙone. Bayan da 'yan Boko Haram suka kama Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, dubban 'yan gudun hijira sun kwararo garin, mafi yawansu kuma a gidajen 'yan'uwa da na masu taimako suka sauka. A 2015 an kai hare-haren bom a kasuwa a watan Yuni, da masallacin Juma'a na Jambutu a ranar 23 ga Oktoba, da wata tashar manyan motoci a watan Nuwamba. Bayan kowace masifa kasuwa ta sake ci.

ABIN DA YA DURƘUSAR DA TASHAR

Mutane da yawa sukan ɗora laifin mutuwar tashar a kan madatsar ruwa ta Lagdo kaɗai, amma tarihin ya nuna dalilai ne suka taru, kuma wasunsu sun riga madatsar.

Na farko shi ne jirgin ƙasa da mota. Layin dogo ya kai Gombe a 1963, ya isa Maiduguri a 1964, ya buɗe wa gyaɗa da audugar arewa maso gabas hanyar da ke aiki duk shekara. Na biyu shi ne yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wanda ya toshe kogin Neja ta ƙasa, ya tsayar da jirage, ya kuma tilasta wa masu kaya neman wata hanya. Da aka gama yaƙin, da yawa daga cikinsu ba su koma ruwa ba. Na uku, ƙasar Kamaru ta kammala layin dogonta zuwa Ngawundere a 1974, saboda haka audugar Garwa da kayan Cadi suka karkata zuwa tashar Duwala.

Na huɗu shi ne ƙarewar kayan da ake ɗauka. Farin shekarun 1972 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun kawo ƙarshen fitar da gyaɗar Nijeriya zuwa ƙasashen waje, daidai lokacin da kuɗin man fetur ya sa gwamnati ta zuba jari a kan titunan kwalta da gadoji, man mota kuma ya yi arha. Gadojin Numan da Jimeta sun kawar da jiragen fito, tirela ta sami damar shigowa ko wane wata. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, waɗanda su ne suke tara kaya mai yawa a hannu ɗaya yadda zai cika jirgi.

Sai na biyar, wato Lagdo, wadda aka gina a kan Binuwai kimanin kilomita 50 daga Garwa tsakanin 1977 da 1982. Madatsar tana tare ruwan farkon damina har tafkinta ya cika, abin da ya sauya lokacin cikar kogin da tsayinsa. In kuma ruwa ya yi mata yawa aka buɗe ƙofofinta, sai garuruwan da ke ƙasa su sha. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a ƙaramar hukumar Fufore domin ta tare irin wannan ruwa, shekaru fiye da 40 ke nan ba a gina ta ba. A ambaliyar 2012 hukumomi sun ba da rahoton mutuwar mutum 363 a faɗin ƙasar da raba fiye da miliyan 2 da muhallinsu, ta 2022 kuwa ta ci rayuka fiye da 600, kuma Adamawa tana cikin jihohin da abin ya fara shafa a duka shekarun biyu.

DAGA BAKIN KOGI ZUWA JAMBUTU

Abin lura shi ne mutuwar tashar ba ta kashe garin ba, domin ta zo daidai da samun wata sabuwar sana'a. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Gongola mai hedkwata a Yola, kuma a ɓangaren Jimeta aka gina gidan gwamnati da sakatariya da gidajen ma'aikata. A ranar 27 ga Agusta, 1991 aka raba Gongola gida biyu, Adamawa da Taraba, Yola ta ci gaba da zama hedkwatar Adamawa. Jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a 1981 a ƙetaren kogi, wadda yanzu take ɗauke da sunan Modibbo Adama, da bankuna da filin jirgin sama, duk sun kawo masu albashi. Albashin gwamnati ya maye gurbin kuɗin gyaɗa.

Garin ya miƙe ya bar gaɓa, ya bi titunan da suka nufi Numan da Yola. Unguwar Jambutu da ke gefen yamma misali ce ta wannan sauyi. Babbar tashar motarta tana yin aikin da bakin kogi ya yi a da: nan fasinja da kaya suke sauka, nan 'yan kamasho da 'yan dako da masu abinci da makanikai suke samun na tuwo. Bambancin shi ne tashar mota tana ci wata goma sha biyu, kuma ƙaramin ɗan kasuwa mai buhu ashirin zai iya shiga harkar ba tare da jiran kamfani ba.

Duk da haka Jambutu ba ta rabu da ruwa ba. A kusa da ita tafkin Geriyo yake, inda Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama take da aikin noman rani, manoma suna fitar da shinkafa da masara da kayan lambu, masunta kuma suna kamun kifi. A kan kogin kansa akwai masu ɗibar yashi da suke ciyar da harkar gine-gine, da manyan kwale-kwale masu inji da suke kai-komo da kaya zuwa garuruwan gaɓa da ɓangaren Kamaru idan ruwa ya cika. Kogin yana nan yana ciyar da jama'a, sai dai a matsayin gona da wurin su da ƙaramar hanya.

MISALI DAGA ƘASAR SUWIDIN

Matsalar garin da ya dogara ga ruwa da abokin ciniki guda ɗaya ba a Nijeriya kaɗai take ba. A kudu maso gabashin ƙasar Suwidin, a gaɓar tekun Baltik, akwai wani gari mai suna Karlskrona wanda kwatanta shi da Jimeta zai amfani mai nazari. Sarki Karl na 11 ne ya kafa shi a 1680 domin ya zama sansanin mayaƙan ruwan ƙasar. Dalilinsa shi ma na lokacin ruwa ne: a Stockholm ƙanƙara tana daskarar da teku ta tsare jiragen yaƙi har cikin bazara, alhali jiragen abokiyar gabarsu Danmak sun riga sun fito. Sai aka nemi wuri a kudu mai tsibirai da ke kare shi, inda ƙanƙara take saurin narkewa. Da umarnin sarki aka taso 'yan kasuwar garin Ronneby da ke kusa aka zaunar da su a sabon garin, kuma kafin tsakiyar ƙarni na 18 ya shiga sahun manyan biranen ƙasar.

Shekaru kusan 300 arzikin Karlskrona yana hawa da sauka ne gwargwadon kasafin kuɗin sojan ruwa. Sunansa ya karaɗe duniya a watan Oktoban 1981, lokacin da wani jirgin yaƙin Tarayyar Sobiyat mai tafiya a ƙarƙashin ruwa ya maƙale a kan duwatsu kusa da sansanin. Da ayyukan soja da na masana'antu suka ragu a ƙarshen ƙarni na 20, garin ya nemi wasu ƙafafun tsayawa: babbar makarantar fasaha da aka buɗe a 1989, kamfanonin sadarwa irin su Ericsson, masana'antar wayoyin lantarki da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin teku, da jirgin fito mai kai mutane da manyan motoci zuwa Gdynia ta ƙasar Folan. A 1998 hukumar UNESCO ta sanya tsofaffin gine-ginen sansanin cikin kayan tarihi na duniya, abin da ya ƙara jawo masu yawon buɗe ido.

Darasin da ke ciki shi ne Karlskrona ya ƙara sababbin sana'o'i ne a kan tsohuwar, yana kula da tasharsa da mashigarta, har yau kuma ana ƙera jiragen yaƙi a can. Jimeta ta sami sabuwar sana'a, amma ta saki tsohuwar gaba ɗaya, ta koma dogaro ga wani abokin ciniki guda, wato baitulmalin gwamnati.

LISSAFIN FARFAƊO DA TASHAR

Maganar gyara Neja da Binuwai daɗaɗɗiya ce. Tun a 1959 wani kamfanin injiniyoyi na ƙasar Holan mai suna NEDECO ya miƙa wa gwamnati cikakken rahoto a kan kogunan biyu. A 1997 aka kafa Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wato NIWA, mai hedkwata a Lakwaja. A watan Satumban 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe kogin Neja daga Warri zuwa Baro, tsawon kilomita 572, kuma a watan Janairun 2019 aka buɗe sabuwar tashar Baro. Shekarun da suka biyo baya sun nuna cewa gina tasha abu ne daban, samun kayan da za su bi ta cikinta kuma wani abu ne daban.

Fa'idar ruwa a fili take. Jirgin dako mai ɗaukar tan 600 yana ɗauke da kayan tirela 20 masu tan 30 kowace, da inji guda da ma'aikata kaɗan, kuma ba ya fasa kwalta. Ga kaya masu nauyi da arha waɗanda ba su lalacewa, kamar siminti da taki da ƙarafan gini da hatsi, wannan rangwame ne babba.

Amma akwai lissafi na biyu wanda ɗan kasuwa ba zai tsallake ba, shi ne kuɗin ajiya. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma suna ba da rance sama da haka. Idan aka ɗauki misalin wanda ya shigo da hajar Naira miliyan 100 a watan Satumba da rance mai kuɗin ruwa kashi 30 cikin 100, ya riƙe ta wata tara, to kuɗin ruwa kaɗai zai ci Naira miliyan 22.5, ban da hayar sito da gadi da asarar da ƙwari ko danshi za su jawo. Ko da yana sayarwa a hankali har nauyin ya ragu da rabi, ragowar tana iya cinye ribar da arhar jirgi ta kawo. Shi ma mai jirgin dole ya fitar da kuɗin jirginsa da albashin shekara a cikin wata uku, sai fa in yana da aikin da zai ba jirgin a kogin Neja sauran watannin.

Daga nan za a ga sharuɗɗa uku. Na farko, a tsawaita lokacin ruwa, wanda ba zai samu ta hanyar yashe kogi kaɗai ba, domin Binuwai kogi ne mai yashi da yake sake cike duk ramin da aka haƙa. Yana buƙatar madatsar da za ta riƙe ruwan damina ta sake shi a hankali, da yarjejeniya tabbatacciya da Kamaru a kan yadda ake sakin ruwan Lagdo. Na biyu, a sami kayan komawa. Jirgin da ya hau da taki ya sauka fanko ya ninka kuɗin dakonsa, saboda haka sai an tara masara da shinkafa da waken soya da riɗi da sukarin Numan a hannun ƙungiyoyi ko kamfanonin da za su iya cika jirgi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na uku, tsaro da alamomin hanya da tashoshin sauke kaya masu haɗe da titi.

Kafin waɗannan su tabbata, abin da ya fi kusa da hannun 'yan kasuwar Jimeta shi ne gajeriyar hanya: Jimeta zuwa Garwa ta sama, Jimeta zuwa Numan da Lau da Ibi ta ƙasa, da jirage marasa nitso sosai waɗanda jarin gida zai iya saye. Rufe iyakokin ƙasa da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya nuna yadda cinikin garin yake jin jiki idan hanyar Kamaru ta toshe, ya kuma nuna girman kasuwar da ke can. Duk mai niyyar zuba jari a wannan fanni zai kyautu ya fara da tambayoyin da kamfanonin da suka gabata suka yi wa kansu: wata nawa ruwa zai ɗauki jirgi a bana, wane kaya ne zai hau, wane ne zai sauka, kuma wa zai ɗauki nauyin ajiyarsa har wata daminar.